Hidimar Jama'a a Manyan Makarantu: Sharhi a Kan Tsari Biyu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna tsare-tsare biyu da ke tura masu ilmi mai zurfi cikin jama'a, wato Shirin Yi wa Ƙasa Hidima na Nijeriya, da kuma zango na uku na Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a ƙasar Gana. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi tambayoyi ne biyu: shin aikin da ɗalibi ya yi wa mutane yana komawa cikin karatunsa? Kuma shin mutanen suna da ta cewa a cikin aikin?

Tsarin Nijeriya

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa wannan shiri da Doka ta 24 ta 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa. Babban nufinsa shi ne haɗa kan ƙasa, shi ya sa ake kai mutum wata jiha ba tasa ba, ya yi mako uku a sansani, sa'an nan a ware masa rana ɗaya a mako domin aikin raya jama'a. Ta fuskar cuɗanya shirin ya yi rawar gani, amma bisa ma'auninmu yana da rauni. Ɗalibi yakan tafi ne bayan ya karɓi digirinsa, lokacin da malaminsa ya riga ya sallame shi. Saboda haka duk abin da ya gano a asibitin ƙauye ko makarantar sakandare, babu ajin da zai mayar da shi a tattauna, babu kuma manhajar da za a gyara dominsa.

Tsarin Tamale

An kafa wannan jami'a a 1992 musamman domin arewacin Gana, aka raba shekarar karatu zango uku. A zango na uku ɗalibai daga fannoni daban-daban sukan zauna makonni a ƙauye guda, su tattara bayanai a kan noma da lafiya da ruwan sha, su rubuta rahoto, malamai su ba da maki. A nan tambaya ta farko ta sami amsa, domin hidimar ta shiga jikin digiri. Sai dai tambaya ta biyu tana nan. Idan sakamakon zaman bai wuce rahoto ba, ɗalibi ya ci riba, manomin da ya bar gonarsa ya amsa tambayoyi kuwa ya tashi a tutar babu. Garin da aka yi ta auna shi ba a yi masa komai ba, wata rana zai gaji da baƙi.

Kammalawa

Kwalejojin ilmi suna da tushen da za su ɗora a kai, wato koyarwar gwaji. Shawarata ita ce kowace kwaleji ta riƙe unguwanni ko ƙauyuka ƙayyadaddu na shekaru, a zauna da mai unguwa da iyayen yara da malaman makarantun allo kafin a zaɓi aiki, ko yaƙi da jahilci ne ko dawo da yara aji. Rukunin da ya zo bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya, a kuma karanta wa mutanen gari rahoton da harshensu kafin a ba shi maki.