Tsarin Ajiye Fayiloli a Rassan Linux: Nazari da Sharhi

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda wasu rassan Linux suke jera fayilolinsu. Linux babbar manhaja ce mai sarrafa kwamfuta, wadda aka bar rubutunta a buɗe ga kowa, shi ya sa ƙungiyoyi daban-daban suka harhaɗa nasu samfurin, irin su Debian da Fedora da Arch. Waɗannan muke kira rassa. Ana yawan cewa dukansu ƙa'ida ɗaya suke bi, watau FHS, wadda asalinta ya fito a 1994 da sunan FSSTND, aka yi mata bugu na 3.0 a 2015. A ganinmu wannan magana tana bukatar gyara.

Ƙa'idar tana kasa fayiloli bisa ga irinsu: umarnai a jakar /bin da /usr/bin, fayilolin saiti a /etc, bayanai masu sauyawa a /var. To, me ya raba /bin da /usr/bin? Amsar tana cikin tarihi. A farkon shekarun 1970, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suke gina Unix a kan na'urar PDP-11, faifansu na farko ya cika, sai suka kwashe ragowar umarnai zuwa faifai na biyu, inda jakunkunan ma'aikata suke, watau /usr. Daga baya aka riƙa nemo wa rabon hujjoji, har ƙa'idar ta mai da shi doka. Nan ne babban rauninta: ta ɗauki dabarar da matsi ya haifar ta ba ta matsayin hikima.

Rassan da kansu sun gane haka. Fedora ta haɗe jakunkunan biyu a bugunta na 17 a 2012, ta bar /bin a matsayin alamar nuni kawai. Arch ta bi sahu a 2013, har ta haɗa da /sbin. Debian kuwa, wadda aka sani da taka-tsantsan, sai a bugu na 12 a 2023 ta wajabta haɗewar, bayan doguwar muhawara.

Amma ko bayan haka ba a sami daidaito ba, kuma saɓanin yana daidai inda ya fi damun mai kula da na'ura. Alal misali, saitin manhajar Apache yana /etc/apache2 a Debian, alhali a Fedora yana /etc/httpd. Haka nan Fedora tana ajiye laburaren manhajoji a /usr/lib64, Debian kuma a /usr/lib/x86_64-linux-gnu. A nan muna ganin Debian ta fi hangen nesa, domin sunan jakar yana faɗin nau'in na'urar, don haka nau'o'i da yawa za su iya zama tare ba tare da karo ba. Malamin da ya rubuta wa ɗalibai darasi a kan reshe ɗaya ya san wahalar da ke biyo baya idan ɗakin gwaji yana amfani da ɗayan.

Akwai kuma waɗanda suka yi watsi da tushen ƙa'idar. GoboLinux tana ba kowace manhaja jakarta a ƙarƙashin /Programs. NixOS, wadda ta tsiro daga aikin Eelco Dolstra, tana zuba kowane kunshi a /nix/store da suna mai ɗauke da lambar tantancewa ta abubuwan da aka gina shi da su. Amfanin wannan a fili yake: bugu biyu na manhaja ɗaya suna iya zama gefe da gefe, kuma idan sabuntawa ta ɓaci ana komawa baya cikin sauƙi. Sai dai abin yana da farashi. A NixOS jakar /bin ba ta ƙunshi komai ba sai sh, saboda haka manhajar da aka gina a wani wuri, tana sa ran samun laburare a inda aka saba, sau da yawa ba ta tashi sai an yi mata kwaskwarima.