Zuriyar Patrick Kennedy da Gidan Dunganstown

Zuriyar Patrick Kennedy ta cancanci jinjina saboda yadda ta riƙe tarihin kakanta, ɗan manomin da ya bar ƙauyen Dunganstown na gundumar Wexford a ƙasar Ayalan lokacin Babbar Yunwa, wato masifar da ta biyo bayan ruɓewar dankalin turawa tun daga 1845, wadda ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya. Ya sauka Boston a 1849, ya rayu da sana'ar ƙera gangunan katako, ya kuma rasu a 1858.

Tattaɓa-kunnensa, John F. Kennedy, ya nemo gidan iyalin a Dunganstown a 1947, sannan ya koma a watan Yunin 1963 yana shugaban Amurka, ya sha shayi a tsakar gida tare da dangin da ba su yi hijira ba. Waɗannan dangi ne suka ɗauki mafi nauyin aikin riƙe tarihin, domin baƙo yakan zo ya tafi, su kuwa suka ci gaba da noman gonar da kula da gidan, har aka buɗe cibiyar maziyarta a wurin a 2013, inda ake nuna hotuna da tarihin iyalin.