Alƙalamin aljihu: dabarar tana cikin marfi

Alƙalamin tawada na sosai, wanda za ka yi rubutun awa guda da shi hannunka bai ƙage ba, yana son tsawon santimita 13 zuwa 15. Aljihun gaban riga sau da yawa bai kai wannan zurfin ba. Na wando kuwa ko ya kai, da ka zauna abin zai tokare ka, in ka yi rashin sa'a ma ya karye. Tsakanin abin da hannu yake so da abin da aljihu zai iya ɗauka akwai ratar santimita uku ko huɗu, kuma yau fiye da shekara ɗari maƙeran alƙaluma suna fama da wannan 'yar rata.

Rage wa alƙalami tsawo ba gwaninta ba ce, ko yaro zai iya. Gwanintar ita ce a rage shi a aljihu, a mayar masa da tsawonsa da zarar ya shiga hannu, ba tare da an ƙara masa wani abin da zai faɗi ya ɓace ba. Masu wannan sana'a sun gano cewa abin da suke nema yana jikin alƙalamin tun fil azal, wato marfinsa. Sai suka gajarta gangar jikin, suka zurfafa marfin har ya zama idan an rufe yana haɗiye fiye da rabin alƙalamin. Idan aka buɗe aka kifa marfin a ƙeya, a gefe kaɗan kawai yake kamawa, sauran tsawonsa duk ya zama mariƙi. A baki abin ba wuya. A wurin yi ne ake gane gwani, domin marfin nan guda aiki uku ke kansa: ya toshe iska don kada tawada ta bushe a bakin alƙalami, ya zauna daram a baya ba ya rawa ba ya kankare jiki, kuma kada nauyinsa ya rinjayi gaba har bakin ya riƙa ɗagowa daga takarda. Wanda ya ci biyu ya faɗi ɗaya, kayansa a durowa za su tsufa.

Idan masu sha'awar abin suka zauna hira, sunan da ake fara kira shi ne Kaweco Sport na Jamus. Kamfanin ya samo asali a garin Heidelberg a 1883, kuma tun a 1911 littafin tallan kayansa ya nuna wani ƙaramin alƙalamin aljihu da aka ce an yi shi don mata da hafsoshin soja da 'yan wasa. Siffar da aka san shi da ita yau, mai marfi mai kusurwa takwas, ta 1935 ce. Kamfanin ya durƙushe daga baya, sai a 1994 iyalin Gutberlet na garin Nuremberg suka sayi sunan suka tayar da shi. A rufe, Sport santimita 10.5 ne, a buɗe da marfi a baya ya kai kimanin 13. Kusurwowin takwas ɗin ba kwalliya ba ce kawai. Alƙalamin ba ya zuwa da maƙalin aljihu, sai dai ka saye shi daban ka zura, saboda haka kusurwowin ne suke hana shi gangarowa daga tebur. Wanda ya taɓa ganin alƙalami ya faɗo da baki a kan siminti ya san darajar wannan.

Japanawa sun bi ta wata hanyar, kuma a ganina sun fi kai abin maƙura. Kamfanin Sailor ne ya fara fito da irin nasu a 1963, Platinum ya biyo a 1964, Pilot kuma ya zo da Elite S a 1968. Nasu marfin ba na murɗawa ba ne, zarewa ake yi sumul, a mayar sumul, akwai 'yan faifan ƙarfe a ciki masu riƙe shi ta kowane ɓangare. Ma'aikacin ofis zai zaro shi daga aljihun farar rigarsa, ya buɗe, ya kifa, ya sa hannu a takarda kafin mai na murɗawa ya gama juya nasa. A 1971 Pilot ya yi Myu 701, wanda har yau in an ambace shi masana sai sun gyara zama. Bakinsa da mariƙinsa ƙarfe guda ne marar tsatsa, babu gaɓa babu mahaɗi, ƙarfen ne kawai yake ta sirancewa har ya ƙare a tsinin rubutu. Kuskure kaɗan a wurin tsaga tsinin, duk gaban alƙalamin ya tashi aiki, don ba bakin da za a cire a sauya. Da kamfanin ya cika shekara 90 a 2008 ya sake yin irinsa da sunan M90, guda 9,000 kacal, kuma tun daga nan neman sa ake yi a hannun 'yan gwanjo da tsada. Wanda ake samu a kasuwa yanzu shi ne Elite 95S na 2013, mai bakin zinare karat 14, kusan santimita 12 a rufe, ya tasam ma 15 a buɗe.

Duk wannan wayon yana da farashi, kuma tawada ce take biya. Gajeren ciki ba ya ɗaukar dogon famfon zuƙo tawada. Yawancin alƙaluman aljihu na Turai da 'yar gajerar robar tawada suke aiki, wadda ba ta cika mililita ɗaya ba. Ƙananan famfunan da ake yi musu ma abin da suke ɗauka bai kai na robar ba, ka yi shafi kaɗan ka koma kwalba. A nan ne masu sha'awa suke nuna tasu gwanintar. Wasu ba sa yar da robar in ta ƙare, sai su wanke ta, su ɗura mata tawadar da ransu yake so da sirinji mai dakusasshiyar allura. Masu ƙarfin hali kuwa cire robar suke yi gaba ɗaya, su mai da cikin alƙalamin kansa kurtu. Mutum zai lakato giris ɗin silikon a kan tsinken sakace, ɗan mitsitsi, ya bi layukan murɗin da shi zagaye ɗaya, ya kiyaye kada ya taɓa hanyar tawada, don in ya taɓa rubutu ya tsaya ke nan. Sai ya tsayar da gangar, ya ɗiga tawada har ta kusa layukan, ya murɗa gaban a hankali, ya goge, ya kifa bakin ƙasa a kan tsumma ya jira. In ba tsattsafo, ya sami ninki biyu ko uku na abin da robar take ba shi. Da alƙalami mai jikin roba kawai ake yin haka. Na tagulla ko alminiyam tawada tana cin ƙarfensu, shi kuma ƙarfen ya ɓata tawadar.

Wanda ya ƙware ya san inda haɗarin yake. Alƙalamin tawada musaya yake yi: tawada ta fita ta siririyar hanya, iska ta shiga ta maye gurbinta, baƙin abin nan mai haƙora kamar mataji da ke ƙarƙashin baki shi ne mai daidaita su. Idan tawada ta yi ƙasa, iska ta yi yawa a ciki, ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya kumbura iskar, ita kuma ta tunkuɗo tawada ɓul a tsakiyar takarda. Alƙalamin da yake wuni a jikin mutum ya fi kowanne gamuwa da wannan, balle a ƙasa mai zafi irin tamu, inda za ka fito daga ofis mai sanyin na'ura ka faɗa ranar watan Afrilu. Maganin masana shi ne kada a bari tawadar ta sauka ƙasa da rabi, kuma kafin a fara rubutu a riƙe alƙalamin baki sama na ɗan lokaci, iskar ta yi kumburinta ta fice. Haka ma a jirgin sama, ko a cika shi fal ko a juye shi sarai, a kuma ajiye shi baki sama lokacin tashi.

Gyaran baki shi ne inda na fi jinjina musu. Duk wanda ya zauna kusa da alaramma yana feƙe alƙalamin gamba ya ga yadda yake tsaga tsinin, ya gwada a farce, ya ƙara tsagar ko ya matse ta har tawada ta biyo yadda yake so. To aikin ɗaya ne, sai dai nan ƙarfe ne, kuma kuskuren da ido ba ya gani hannu yana jin sa. Tsagar ta raba bakin gida biyu, kowane ɓari da ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri a ƙarshensa. In alƙalami yana ƙarzar takarda idan an ja shi hagu amma yana sulɓi idan an ja dama, gwani ba ya rugawa wurin gogewa. Gilashin ƙara girma yake ɗauka, mai ninka abu sau goma, ya dubi tsinin gaba da gaba, kusan kullum sai ya tarar ɓari ɗaya ya ɗan ɗara ɗan'uwansa. Da farce zai danna na saman, ya saki, ya duba, ya ja layi, ya sake dannawa. In tawada ce ba ta zuwa sosai, sai ya zura siririn fallen tagulla a tsagar ya share ta. Gogewa da takardar yashi mai laushin gaske ita ce ta ƙarshe, kuma da rowa ake yin ta, don abin da aka goge ba ya dawowa. Wanda ya zarce, gefen ƙwallayen na ciki sai su yi mulmul, tawada ta tsaya a sama ba ta taɓa takarda, harafin farko na kowace kalma ya fito ba kai. A Japan wannan sana'a ce mai zaman kanta. Marigayi Nobuyoshi Nagahara na masana'antar Sailor da ke garin Kure, wanda ya rasu a 2015, mutane layi suke yi a gabansa da alƙalumansu, ya dubi yadda kowa yake riƙo, ya gyara bakin daidai da hannun mai shi.

Ba a kan komai bakin masu sha'awar ya zo ɗaya ba. Sport na roba nauyinsa wajen giram 10 ne, na tagulla ya haura 40. Masu son na tagulla suna cewa nauyin ne yake yi musu rubutun, kuma suna ƙaunar yadda ƙyallinsa yake dushewa ya yi duhu a wuraren da yatsu suke taɓawa, har akwai waɗanda ba sa yarda a goge musu shi. 'Yan ɗaya ɓangaren suna cewa bayan shafi biyu wuyan hannu yake gaya maka gaskiya, ga ƙarnin ƙarfe a yatsu. Akwai Liliput, ƙanen Sport, wanda bai kai santimita 10 ba kuma siriri ne ƙwarai. Shi marfinsa murɗa shi ake yi a baya, don haka ba ya taɓa suɓucewa, amma kafin ka kwance ka sake ɗaurawa mai karanto maka lambar waya ya kai ƙarshe. Mai manyan yatsu kuma ba ya jimawa da shi.

Ƙorafin da na fi ganin hujjarsa shi ne na masu cewa alƙalamin aljihu dole ne sai da marfi a baya, alhali su ba sa son kifa marfi. Gaskiyarsu ce, in ka ajiye marfin Sport ko na Elite a gefe, abin da ya rage a hannunka guntu ne, ƙeyarsa ko gindin babban yatsa ba ta kai ba. Irin waɗannan mutane gara su sayi cikakken alƙalami su nema masa jaka. Masu shirin sayen na aljihu kuwa, tsofaffin hannu ba su cika tambayarsu launi ko sunan kamfani ba. Cewa suke yi ka kifa marfin, ka girgiza hannu ka ji ko yana motsi, ka ɗora alƙalamin a kan yatsa ka ga inda nauyinsa ya raba, sannan ka rufe shi ka manta da shi mako biyu. In ka buɗe ya kama rubutu a jan farko, kuɗinka bai tafi a banza ba.