In Kyamara Ta Kalle Ka, Kada Ka Ari Bakin Wani



Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ba baƙuwar kyamara ba ce. Ita ta fitar da Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015. Ga NTA Sakkwato, ga talabijin ɗin Rima, kullum ana hira da manomanmu, malamai da shugabannin matasa. Amma ku saurara da kyau: da zarar an miƙa wa mutum makirufo, sai Hausarsa ta rikice.

Matsalar farko ita ce jin kunyar Sakkwatanci. Mutum zai fara da “da munka tahi”, sai ya tuna ana kallonsa a Kano, ya ƙarasa da “sai muka faɗa masa”. Jimla ɗaya, kari biyu! “Munka”, “shina” da “wanga” ba kuskure ba ne, karin harshe ne mai nasa ƙa'idoji, kuma Bakano yana fahimta sarai. In daidaitacciyar Hausa ka zaɓa, to, riƙe “muka”, “yana” da “wannan” har ƙarshe. Tsalle tsakanin biyun shi ke sa mai kallo ya bar maganarka ya koma kallon bakinka.

Ta biyu ta fi muni, wato yin tunani da Turanci. Sai ka ji an ce “a ƙarshen rana za mu yi nasara”. Wace rana? Bahaushe “daga ƙarshe” yake cewa. Ko kuma “gwamnati ya yi alkawari”, alhali gwamnati jinsin mace ce: “ta yi”.

Wani zai ce ai an gane. To, manomin da aka ba minti ɗaya ya faɗi tsadar taki ko matsalar tsaro a ƙauyensa, in ya cinye rabi a kame-kame, edita zai yanke, kukan gari ya tafi a banza.

Maganin yana gida, kafin a kunna fitila. Tambayi ɗan jarida abin da za a tattauna. Tsara abu uku kacal da kake son faɗa, ka maimaita su a bayyane cikin karin da ka tashi da shi. Lambobi da sunayen garuruwa ka tabbatar da su tun da wuri.

Wace jimla kuka taɓa ji a talabijin da ta daki kunnenku? Ku kawo mu feɗe ta tare.