Badukun Ƙafar da Ba Ta Jin Ciwo

Cinikin takalmi a kasuwa ba shi da wuya. Ka zura ƙafa, ka yi taku biyu, ka ce "nan yana matsa ni," a sauya maka wani. Amma akwai badukun da masu zuwa wurinsa ba sa iya gaya masa haka. Jijiyoyin ƙafarsu sun mutu, ko dai saboda kuturta ko saboda ciwon suga da ya daɗe a jiki. Da za a ba su takalmi da ƙusa a ciki, sai su wuni da shi su ce ya yi daidai. Badukun ne zai gano inda takalmin zai yi ɓarna, tun kafin ya yanka fata.

Wannan sana'a tana da asali. A 1946 wani likitan tiyata ɗan Ingila, Paul Brand, ya kama aiki a asibitin Vellore da ke kudancin Indiya. A lokacin kusan kowa ya yarda cewa kuturta ce da kanta take cinye yatsu. Brand ya nuna ba haka ba ne: cutar jijiya take kashewa, sauran ɓarnar kuwa ƙaya ce da wuta da doguwar tafiya a kan raunin da mai shi bai san da shi ba. Mai lafiya idan wuri ɗaya ya fara zafi yakan sauya taku ba tare da ya lura ba. Wanda ba ya ji, wuri guda zai yi ta dannawa sau dubbai, har naman ciki ya mutu, gyambo ya buɗe a tafin ƙafa. Magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya take rabawa kyauta tun 1995 suna kashe ƙwayar kuturta sarai, sai dai ba sa tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Shi ya sa a wurare irin su Saye a Zariya, da Yadakunya a Kano, da Danja kusa da Maraɗi, mutum yakan warke daga cutar amma ƙafarsa tana nan tana neman kulawa. Da Brand ya koma Carville a Amurka a 1966, sai aka ga ilimin nan ya dace da masu suga ma.

Gwanin badukun nan ba ya fara aiki da awo. Tsohon takalmin yake fara karɓa, ya juya shi, ya duba gefen da ya fi cinyewa, ya zura hannu ya lalubo inda ciki ya lotsa. Sannan ya koma kan ƙafar. Inda ya ga kanta ta yi kauri, nan nauyi yake sauka, galibi a gindin babbar yatsa ko a diddige, kuma a ƙarƙashin kantar ne gyambo yakan ɓuya. Yakan bi tafin da bayan hannunsa yana neman wurin da ya fi sauran ɗumi, domin naman da ya wahala yakan yi zafi kwanaki kafin fata ta fashe. Ma'aikacin jinya kan taimaka masa da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa idan nauyi ya kai giram 10. Duk inda aka taɓa mutum bai ji ba, an san wurin ba shi da mai gadi. Bayan duk wannan ne zai tsayar da mutum a kan takarda ya zana sawunsa, a tsaye, don ƙafa takan baje idan ta ɗauki nauyi.

Takalmin hawa biyu ne. Ƙasansa mai tauri, sau da yawa na taya, yadda ƙaya ko kwalba ba za ta huda ba. Cikinsa kuwa wata roba ce mai laushi da ƙananan ramukan iska, wadda ke lotsawa ta dawo, ta baza nauyi ko'ina a tafin. Idan akwai tabon tsohon gyambo, sai ya rarake gurbinsa kaɗan, ko ya liƙa ɗan tudu a bayansa don taku ya tsallake wurin. Ba ya buga ƙusa ko ɗaya. Gam ne da ɗinki, ɗinkin ma a waje. Dole a sa maɗauri ta bayan diddige. Silifa mai igiya tsakanin yatsu, wadda muka fi so saboda sauƙin cirewa a ƙofar masallaci, ita ce ya fi tsana, kuma yana da gaskiya: igiyar tana goge fata a daidai wurin da ba a dubawa.

Wurin nan ne kuma cin ruwa yake kama mutum. Tsakanin yatsu, musamman na huɗu da na biyar, in ba a tsane shi bayan alwala ko wanka ba, fata takan yi fari ta tsage. Mai lafiya ƙaiƙayi ne zai dame shi ya nemi magani. Mai suga, wanda da dare ƙafarsa ke zugi kamar an zuba mata barkono amma ba ta jin taɓi, wannan 'yar tsagar tana iya zame masa ƙofar ciwon da zai kai ga yanke ƙafa. Don haka badukun yakan bar wa iska hanya, ya kuma ce, "Baba, a riƙa goge tsakanin yatsu, mai kuwa a shafa wa faso kawai, kada a sa a nan."

Ranar karɓa ma ba sallama ba ce. Zai ce a sa takalmin na ɗan lokaci, a cire, a duba. Jan da ya fito bai baje da wuri ba yana nufin a dawo a gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya san halin mutane. A Indiya an ga masu kuturta suna ƙin baƙaƙen takalman asibiti, don kowa ya gan su ya san daga inda suka fito. Saboda haka gwani yakan leƙa kasuwa ya ga yayin da ake yi, ya kwaikwayi yankan da launin, ya ɓoye robar a ciki, yadda mace za ta shiga gidan biki da shi ba wanda zai kalli ƙafarta sau biyu.