Jinjina ga Masu Wasiyyar Springfield

Ranar 28 ga Yuni, 1804, a Cane Ridge ta jihar Kentaki a Amurka, Barton Stone da abokansa biyar suka sa hannu a wasiyyar majalisar cocinsu ta Springfield, suka rusa ta da kansu tun ba ta shekara ba. Burinsu a kira su Kirista kawai, babu sunan ɗarika. Sun cancanci jinjina, domin sakin kujerar da mutum ya kafa da guminsa sai mai zuciya.

A 1809 wani mai irin wannan buri, Thomas Campbell, ya fitar da tasa sanarwar a Fensilbeniya, mai shawarwari 13: ikilisiya ɗaya ce, kada a ɗora wa mai bi abin da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. A 1832 ɓangaren Stone da na Campbell suka haɗe a Lexington.