Tarken Hausar Inji a Rubutun Ɗalibai: Misali daga Kudan

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 muke cin karo da wani irin rubutu a takardun ɗalibanmu: jimloli sumul, ba tuntuɓe, amma lami. Aibinsa na farko shi ne ƙirar jimlar ta Ingilishi ce, aka yafa mata rigar Hausa. Wannan da sauƙi, jan biron malami ya ishe shi.

Na biyun ya fi damunmu. A ƙaddara an ba wani ɗalibi ɗan Kudan, mai karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, aikin tattara kalmomin sana'ar mazarƙwaila. Injin bai san komai ba sai abin da aka riga aka rubuta, alhali kuwa kalmomin matsar rake da dafa ruwansa a bakin masu sana'ar suke, a Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi. Inda ya rasa kuwa, ba kasafai yake yin shiru ba, ƙagowa yake yi. Ɗalibin, wanda wataƙila ma kakansa ya yi sana'ar, sai ya kwafe ƙagen ya miƙo mana, mu sa hannu, a ajiye a laburare, na baya su zo su kafa hujja da shi.